Mujiyar da aka hana faɗa: ɗan rakiyan matsafi a wasan Dungeons & Dragons

Mutum biyar sun kewaye teburi, kowa da takardarsa da fensir, ƙwayoyin jifa a tsakiya. Labarin da suke ciki ya kawo jarumansu bakin wani tsohon kurkuku a ƙarƙashin ƙasa, ƙofa a buɗe, ciki duhu kamar tsakar dare. Mai takobi ya ƙagara ya kutsa. Wanda yake riƙe da matsafi ya ce a dakata tukuna, zai tura mujiyarsa ta leƙo. Mujiya ta shiga, ta hango 'yan baka shida a kan wani dandamali ta hannun hagu, ga kuma rami an lulluɓe shi da ciyawa a tsakiyar hanya. Ba ta taɓa kowa ba, dokar wasan ma ba ta yarda ta taɓa kowa ba, amma faɗan da za a gwabza ya riga ya sauya tun kafin a zare takobi daga kube.

Ga wanda bai san wasan ba: Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙire shi. Tatsuniya ce ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi yake bayyana gari da daji da dodanni, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jarumin zai yi. In aka zo kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ƙwaya, irin ta ludo amma mai fuska 20. Duk tsafin da ke ciki lissafi ne a kan takarda, babu wanda yake ƙona turare a zahiri.

Dabarar da ke kawo mujiyar sunanta Find Familiar, tana cikin ƙananan dabarun da matsafi yake iya koya tun matakin farko, wato tun yana sabon jarumi bai fara hawa matakan ƙwarewa ba. Abin da take kirawo zan riƙa ce masa ɗan rakiya. A bugu na biyar na dokokin wasan, wanda ya fito a 2014, an tsara ta dalla-dalla. Matsafin cikin labari zai ɗauki awa guda, ya ƙona gawayi da turare da ganyayyaki na zinariya 10 a kaskon tagulla. Sai wani ruhi ya bayyana a siffar ƙaramar dabba da mai wasan ya zaɓa daga jerin guda 15, cikinsu akwai jemage, kyanwa, ƙaguwa, kwaɗo, shaho, ƙadangare, ɓera, gizo-gizo, hankaka, maciji, kifi da mujiya. Zinariya 10 ɗin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai farawa. A jadawalin farashin kaya na littafin, akuya zinariya 1 ce, tunkiya 2, saniya 10. Ke nan kuɗin saniya guda ake ƙonawa a sami tsuntsun da duka ɗaya ke kashewa.

Muddin ɗan rakiya bai wuce ƙafa 100 ba, wato kusan mita 30, shi da maigidansa suna magana zuci da zuci. Matsafi yana iya aron idanunsa da kunnuwansa, ya ga abin da yake gani, sai dai a lokacin shi kansa ya zama makaho kuma kurma a inda ya bar jikinsa. Yana iya ɓoye shi a wani sarari da babu mai kaiwa gare shi, ya sake fito da shi a ko'ina cikin ƙafa 30. Ba a riƙe biyu a lokaci guda. In aka kashe shi, ɓacewa yake yi, ba gawa ba jini, sai an sake ƙona turare ya dawo. Sannan ga jimlar da komai ya rataya a kanta: ɗan rakiya ba ya kai hari, amma yana iya yin duk sauran ayyuka.

Me zai sa a ba mutum dabba a hana ta cizo? A ganina amsar tana cikin yadda ake lissafin faɗa. Ana raba faɗa zagaye-zagaye, kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labari, kuma kowane mai rai yana da babban aiki guda a zagaye. Saboda haka ɓangaren da ya fi yawan hannaye shi yake fin yawan ayyuka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da a ce duk matsafi zai sami ƙarin mai duka na dindindin da kuɗin saniya, da mai takobi ya ga an yi masa rashin adalci tun daga ranar farko. Akwai kuma ɓata lokaci. Wata dabara ta kiran namun daji a bugun 2014 tana iya kawo kyarkeci takwas a take, kowanne da jifansa, sauran mutanen teburi su zauna suna hamma har mutum ɗaya ya gama jefa ƙwaya sau takwas. Da aka sabunta dokokin a 2024 an sauya wannan dabara gaba ɗaya, garken ya koma ruhi guda da ake lissafawa a dunƙule. Ɗan rakiya kuwa an bar shi yadda yake, ba ya kai hari. Wannan ya nuna inda matsalar take tun asali.

To amma "sauran ayyuka" ɗin nan, a nan ne zancen yake. Cikin ayyukan da kowa yake iya yi akwai wanda ake kira Taimako. Ka matso kusa da maƙiyi, ka ɗauke masa hankali, sai abokinka ya sami fifiko a harinsa na farko. Fifiko yana nufin ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki wadda ta fi girma. A baki abin kamar ba komai ba ne, sai an zauna an lissafa. Idan kana bukatar 11 ko sama da haka, jifa ɗaya yana ba ka rabi da rabi, kashi 50 cikin 100. Da ƙwaya biyu, sai duka biyun sun faɗi ƙasa kafin ka kuskure, damarka ta koma kashi 75. Idan maƙiyin mai sulke ne, sai da 16 za ka same shi, damar tana tashi daga kashi 25 zuwa kusan 44. Samun 20 cif, wanda yake ninka ƙwayoyin rauni, yana tashi daga kashi 5 zuwa kusan 10. Tsuntsun da ba ya iya yakushi ya kusan ninka wa abokinka damar yin mummunan sara.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne jarumi ɗan sane, mai kai hari ta bayan fage. Shi yana da ƙarin rauni da yake samu sau ɗaya a juyi idan yana da fifiko, ko idan wani abokin gaban maƙiyin yana tsaye kusa da shi. Ƙarin yana farawa da ƙwaya ɗaya mai fuska 6, yana hawa har 10 a mataki na 19. Ɗan sane da ya sami mujiya tana buɗe masa hanya duk zagaye ya zama wani abu daban.

Kuma mujiya ce dai, kusan kullum. Mu da muka tashi muna jin ana cewa wane yana da baƙin jini kamar mujiya, abin zai ba mu mamaki, domin a wannan teburi babu tsuntsun da ya kai ta farin jini. Dalilin yana cikin takardar bayaninta. Tana tashi ƙafa 60 a zagaye, tana gani a duhu har ƙafa 120, sannan tana da wata baiwa da shaho bai samu ba. A doka, idan ka bar gaban maƙiyi ka juya masa baya, yana da damar ya sauke maka sara guda kyauta. Mujiya an yafe mata wannan. Tana saukowa ta fuffuka a fuskar dodo, ta ba da Taimako, ta koma sama ba wanda ya isa ya rama a wannan ficewar. Ranta, wato makin da duka ke ragewa har a mutu, maki 1 ne tak, amma in ba a samu an taɓa ta ba, maki 1 da maki 100 duk ɗaya ne. Jemage yana da nasa amfanin, yana gane abin da ke kewaye da shi da amon sauti har ƙafa 60, ko da abin ba ya ganuwa. Gizo-gizo yana bin rufi da ramin makulli. Kyanwa kuwa, a cikin gari ta fi su duka, don babu mai gadin da zai tsargu da kyanwa a kan katanga. Ni da za a tambaye ni, kyanwa da ɓera sun fi kawo labari mai daɗi, saboda dole mai su ya yi tunanin inda zai bi da su.

Akwai kuma aike. Dabarun da sai an taɓa mutum da hannu suke aiki, ɗan rakiya yana iya kai su a madadin maigidansa matuƙar yana cikin ƙafa 100 ɗin nan. Mai warkarwa da ya sami hanyar mallakar ɗan rakiya zai iya tsayawa a bayan dutse, ya tura tsuntsu ya sauka a ƙirjin abokinsa da ya faɗi a tsakiyar fage, ya tashe shi. Wannan shi ne amfani mafi kyau da na sani, kuma shi ya fi dacewa da halittar da aka yi ta don zaman lafiya.

Sai dai ƙofar da magani ya bi, guba ma tana bi. Akwai ƙaramar dabara ta girgiza maƙiyi da wutar lantarki, ita ma ta taɓawa ce, don haka mujiya tana iya kai ta. A doka ba ita ta kai hari ba, saƙo ta isar. Wata dabarar da aka ƙara a 2017 tana sa duk wanda aka taɓa ya riƙa feso wuta ko ƙanƙara daga baki har ƙafa 15. Masu wasa suka lura cewa a ƙa'idar littafin wannan feshi ba a lissafa shi a matsayin hari, tunda ba a jefa ƙwayar hari, wanda aka fesa wa ne yake jefawa ya kauce. Sai ga mujiya tana shawagi tana aman wuta. Ban ce haramun ne ba, dokar ta yarda. Amma duk wanda ya ce ɗan rakiya mai lumana ne, ya sani cewa lumanar a kan kalma ɗaya ta tsaya, kuma masu wasa sun daɗe da gano yadda za su zagaye kalmar.

Wannan ba a Dungeons & Dragons kaɗai yake faruwa ba. A wasan bidiyo na Japan, Final Fantasy V, wanda kamfanin Square ya fitar a 1992, akwai wata halitta da ake kirawo mai suna Carbuncle, da jan dutse a goshinta. Sauran waɗanda ake kira suna zuwa da wuta ko tsawa ko girgizar ƙasa. Ita kuwa garkuwa take sa wa jama'arka baki ɗaya, duk tsafin da aka jefo muku ya koma kan mai shi. Kuɗin da ake biya shi ne garkuwar ba ta bambanta tsafin cuta da na magani, in ka yi wa abokinka dabarar warkarwa sai ta tsallake ta warkar da maƙiyi. Masu wasa kuma suka juya abin, suka riƙa jefa wa junansu tsafin wuta da gangan don ya dawo kan dodo. Duk inda aka ba mai wasa abin kariya, zai nemi bakin da zai yanka da shi.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tarihin mutuwar ɗan rakiya ne.

Tunanin kansa tsoho ne, daga shari'o'in mayu na Ingila aka ɗauko shi. A 1566, a garin Chelmsford, an rataye wata mata mai suna Agnes Waterhouse, kuma cikin abin da aka tuhume ta da shi har da wata kyanwa da aka ce tana yi mata aike. A wancan tunani dabbar da mai ita a ɗaure suke da juna, kuma bugun dokokin wasan da ake kira na farko ya riƙe wannan ɗauri da ƙarfi. A littafin 1978, matsafi zai ƙona kayan zinariya 100, sau ɗaya kawai a shekara yake iya gwadawa, ba shi yake zaɓar dabbar ba, ƙwaya ce take zaɓa, kuma yana iya gama wahalarsa babu abin da ya amsa kira. In ya samu, ran dabbar yana ƙaruwa a kan nasa muddin tana kusa. In ta mutu kuwa, ninki biyu na wannan adadi ake cire masa har abada, alhali matsafin matakin farko ransa bai wuce 'yan maki kaɗan ba. Bugu na biyu, na 1989, ya ƙara tsanani: kuɗin turare ya koma zinariya 1,000, kuma in ɗan rakiya ya mutu sai matsafi ya jefa ƙwaya a ga ko shi ma zai bi shi nan take. Ko ya tsira, ƙarfin jikinsa ya ragu da maki guda. A bugu na uku, na shekarar 2000, hukuncin ya koma asarar makin ƙwarewa, 200 a kan kowane mataki, ko rabin haka in an yi sa'ar jifa, sannan ba za a sami wani ba sai bayan shekara guda da kwana ɗaya.

A waɗannan bugu ba a hana dabbar cizo ba. Amma wa zai tura ransa gaban takobi? Da yawa sai suka riƙa cusa kwaɗonsu a aljihu, su manta da shi har wasa ya ƙare. Tsoro ya sa aka killace ɗan rakiya har ya zama ba shi da amfani a labari.

Bugun 2014 ya juya cinikin. Ya cire haƙori, ya cire tsoro. Yanzu dabbar ba ta cizo, mutuwarta kuma ba ta taɓa maigidanta ko da ƙwarzane. Zinariya 10 da awa guda, in an ƙara minti 10 ma ba sai an kashe ƙarfin tsafi na ranar ba. Na yarda an gyara wata matsala ta gaske, domin yanzu ana ganin ɗan rakiya a fili yana aiki. Amma bayan mataki na uku ko na huɗu zinariya 10 ta zama canjin aljihu, kuma araha ba ta ado. Sai ka ga ana tura ɓera ya taka kowane dutse don a gane inda tarko yake, ya mutu, a sake kira, ya sake mutuwa. Halittar da aka yi don ta zama abokin tafiya ta koma sandar gwada zurfin ruwa. Sabuntawar 2024 ta ƙara sauƙaƙawa, ta cire makantar da ke kama matsafi yayin da yake kallo da idon dabbarsa, wadda ita ce ɗan haɗarin da ya rage. Ina ganin asara ce. Lokacin da matsafi ya sandare ba ya ji ba ya gani, abokansa suna tsaye a kansa suna gadi, yana cikin lokutan da suke sa jama'ar teburi su ji cewa suna bukatar juna.

Akwai hanya ɗaya da doka ta ba ɗan rakiya haƙori a bayyane, ita ce ta jarumin da ya sami ƙarfinsa ta yarjejeniya da wani babban ruhi. Shi yana iya kiran halittu masu wayo, har da mai ɓacewa daga gani, kuma yana iya sa su kai hari, amma sai ya sadaukar da harinsa guda. Lissafin hannaye bai karye ba.

Jagoran da mujiya ta dame shi, tana tona masa duk asirin da ya shirya, sau da yawa yakan fara tunanin harbe ta duk lokacin da ta fito. Wannan yana ɓata zumunci, kuma ba ya magance komai tunda za ta dawo. Dokar da kanta ta ba shi abin da ya fi haka. Mujiya ba ta da hannu, rufaffiyar ƙofa ta ishe ta. Hankalinta na tsuntsu ne, maki 2 a ma'aunin da mutum yake da 10, don haka in ta wuce ƙafa 100 ta dawo, ba za ta ce ta ga hafsa da tutar sarki kaza ba, iyakarta ta nuna akwai manyan abubuwa masu ƙafa biyu da yawa. Mai gadi mai hankali da ya ga mujiya a cikin ɗaki da rana tsaka ya san akwai matsafi a kusa, zai buga ƙararrawa, su jarumai kuma sun rasa damar shammata. Ɗan baka da aka ruɗe sau biyu yana da ikon ya ɗana kibiya ya jira saukowarta ta uku. Gawayi da turare da kaskon tagulla kuma ba a tsakiyar hamada ake sayar da su ba, in jagora ya riƙa tambaya ko an taho da su, mutuwar ɗan rakiya a rana ta biyu ta tafiyar kwana goma za ta yi nauyi.

Sauran aikin na mai wasan ne. Littafin ya ce ruhi ɗaya ne yake dawowa, in an sake kiransa siffa kawai yake iya sauyawa. Ke nan ɓeran da aka tura cikin tarko jiya shi ne mujiyar da ke kan kafaɗa yau, kuma babu abin da ya hana jagora ya sa ta tuna. Za ta bi umarni, doka ta ce dole ta bi, amma tana iya yin jinkirin kallon maigidanta kafin ta shiga ramin, tana iya komawa kafaɗar mai warkarwa ta kwana a can. Jagora ya nemi mai wasan ya raɗa mata suna tun ranar farko, ya faɗi abin da take ci da inda take kwana. In an kai zaman da za a tsaya a bakin wata ƙofa mai duhu, ya juya ya tambaye shi da sunanta ko ita zai tura.